Jacques Cousteau: Mutumin da ya buɗe ƙofar ƙarƙashin ruwa, da abin da Bakolori za ta koya daga gare shi

A ƙasashe da dama na duniya akwai ƙungiyoyin da idan hutun ƙarshen mako ya zo, mambobinsu kan loda tukwanen iska a mota su nufi wani tafki ko bakin teku, su nutsa domin kallon kifaye ko ragowar wani jirgin ruwa da ya daɗe da nitsewa. A cikinsu akwai likitoci da malamai da 'yan kasuwa. Shekara ɗari da suka wuce, mai nutso sai ya sa ƙatuwar hular tagulla da takalman darma, ana hura masa iska ta mesa daga cikin jirgi, ransa yana hannun masu buga famfo. Wanda ya fi kowa hannu wajen sauya wannan al'amari shi ne wani hafsan sojan ruwan Faransa, Jacques-Yves Cousteau, wanda ake furta sunansa Kusto.

An haife shi ranar 11 ga Yuni, 1910, a garin Saint-André-de-Cubzac kusa da Bodo. Ya shiga makarantar sojan ruwa a 1930 da burin zama matuƙin jirgin sama, amma haɗarin mota ya karya masa hannuwa biyu, burin ya wargaje. Domin hannuwan su warware sai ya riƙa iyo kullum a gaɓar Tulon, inda a 1936 abokin aikinsa Philippe Tailliez ya ara masa tabarau na shiga ruwa. Daga baya suka haɗu da Frédéric Dumas, gwanin farautar kifi da mashi, mai nutso da numfashin ƙirjinsa kawai. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: makarantar Kusto ta farko ita ce ta masu riƙe numfashi, irin wadda masuntanmu suka gada.

Matsalar da ta tsaya masa ita ce nauyin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsawa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin duniya gaba ɗaya, saboda haka dole iskar da zai shaƙa ta zo da ƙarfi daidai da zurfin da yake. Wasu sun yi ƙoƙari kafin shi, musamman Yves Le Prieur, wanda na'urarsa ta 1926 ke tsiyayar da iska ba tsayawa har tukunya ta ƙare da wuri. A ƙarshen 1942 Kusto ya sadu da Émile Gagnan, injiniya a kamfanin Air Liquide, wanda ya ƙera wani makunni domin motoci masu amfani da gas saboda ƙarancin fetur a lokacin yaƙi. Suka gyara shi ya zama yana sakin iska ne kawai idan mutum ya ja numfashi. An jarraba shi a Kogin Marne a farkon 1943, aka kammala gyara a cikin shekarar. Wannan ita ce na'urar da aka sayar da sunan Aqua-Lung, wato huhun ruwa.

Bai samu wannan ilimi a arha ba. A 1946 shi da Dumas sun kusa halaka a cikin wani idon ruwa mai zurfi da ake kira Fontaine de Vaucluse, domin injin da ya cika tukwanensu ya zuƙi hayaƙinsa mai guba ya haɗa da iskar. A 1947 abokinsu Maurice Fargues ya mutu a zurfin mita 120. Daga irin waɗannan masifu aka fitar da ƙa'idojin da ƙungiyoyin nutso ke bi yanzu: ba a shiga ruwa mutum ɗaya, mai nutson nishaɗi ba ya wuce mita 40, kuma ana fitowa a hankali domin iskar da ta narke cikin jini kada ta yi kumfa. Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne.

Jiragen da suka nitse sun ja hankalinsa tun farko. A 1948 ya yi aiki a kan wani jirgin zamanin Rumawa a gaɓar Mahdiyya ta Tunusiya. A 1950 wani attajiri, Loel Guinness, ya sayi tsohon jirgin share nakiyoyi mai suna Calypso ya ba shi haya a kan faran ɗaya a shekara. Da shi ne ya gano Thistlegorm, jirgin dakon kayan yaƙin Ingila da Jamusawa suka nutsar a Bahar Maliya a 1941, kuma masuntan yankin ne suka yi masa kwatancen wurin. A yau wannan jirgi na cikin wuraren da masu nutso suka fi ziyarta a Masar. Bai bar ruwayen tudu ba: ya nutsa a Tafkin Titikaka a kan duwatsun Kudancin Amurka a 1968, ya kuma bi Kogin Nilu a ƙarshen shekarun 1970 yana nuna abin da madatsun ruwa suka yi wa kifi da manoma. Shi ne kuma shugaban farko na tarayyar ƙungiyoyin nutso ta duniya da aka kafa a Monako a 1959.

Adalci ya wajabta a faɗi inda ya yi ɓarna. Fim ɗinsa na 1956 game da duniyar ƙarƙashin teku, wanda ya ci babbar kyautar bikin Cannes da ta Oscar, ya nuna mutanensa suna tarwatsa murjani da nakiya suna kashe kifayen shak ba gaira ba dalili. A 1954 kuma ya yi wa wani kamfanin man Ingila binciken ƙasan teku a gaɓar Abu Dabi. Amma yawan komawa wuraren da ya sani, yana tarar da su sun lalace, ya juya shi. A 1960 ya jagoranci adawa da shirin zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum har aka fasa, kuma muryarsa na cikin waɗanda suka kai ga yarjejeniyar Madrid ta 1991 da ta hana haƙar ma'adinai a Antatika. Ya rasa ɗansa Philippe a haɗarin jirgin sama a Fotugal a 1979, Calypso ya nitse a tashar Singafo a 1996, shi kuma ya mutu a Faris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87. Labarin da ya yaɗu a tsakaninmu cewa ya musulunta ba shi da tushe. Gidauniyarsa ta musanta shi tun yana raye, kuma a cocin Notre-Dame aka yi masa addu'ar jana'iza.

To, ina ruwan mutumin Talata Mafara da wannan Bafaranshe? Ruwansa yana Bakolori. Madatsar da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978 ta tara tafki mai faɗin kimanin hekta 8,000, wanda aka tsara ya ɗauki ruwa mita kubik miliyan 450 domin noman rani a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. A ƙarƙashinsa akwai gidaje da gonakin fadama na mutanen da aka tasa, kuma rikicin diyyar filayen aikin ne ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980. Mun rubuta tarihin saman wannan ruwa, amma ƙasansa, inda laka ke taruwa kowace damina tana rage cikin tafkin, ya fi ƙarfin idonmu.

Ba ina kiran a kawo 'yan yawon buɗe ido Maradun ba ne. Ruwan ja ne mai laka, kuma matsalar tsaro a yankin ba ɓoyayya ba ce. Abin da nake cewa shi ne muna da rabin abin da Kusto ya fara da shi. Sarkawa da sauran masunta gwanayen nutso ne, kuma duk wanda ya ga wasannin ruwa a bikin Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya san haka. A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin shaidar a bakinsu: sunayen kifaye da na gurabun ruwa da suke rarrabewa sun fi abin da ƙamusoshinmu suka tattara. Amma duk sa'ad da kwalekwale ya kife, kamar yadda ya faru da manoma a Gummi a Satumbar 2024, waɗannan bayin Allah ne ake kira su shiga da numfashin ƙirjinsu, ba tukunya, ba fitila, ba horo.

Kusto ya ɗauki gwanintar masu riƙe numfashi ya ƙara mata na'ura da ƙa'ida da rubutu. Shawarata ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da gwamnatin Zamfara, da jami'o'inmu, ita ce a zaɓo matasa daga gidajen sarakunan ruwa, a koya musu nutso da tukunyar iska, a ajiye kayan aiki da injin cika iska mai tsabta a Bakolori. Su za su duba ƙofofin madatsa, su auna laka, su kai ɗauki idan haɗari ya auku, kuma a biya su albashi kamar kowane ma'aikaci.