Alhassan Ɗantata: Attajirin da Ya Fara da Asusu

'Yan uwa mata, a wannan fitowa ta cikar shekarar ƙungiyarmu mun zaɓi mu kawo muku tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa. Kowa ya san sunan, amma ba kowa ya san mata biyu ne suka ɗora shi a hanya ba.

An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin Agalawa, fatake masu safarar goro daga Gwanja. Yana ɗan shekara takwas mahaifinsa Abdullahi ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. Ta tashi ta koma Akra, a ƙasar Gana ta yau, ta bar yara a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Daga nan sunan Ɗantata ya fito. Ita Tata ce ta koya masa tari: in ya yi 'yar sana'arsa ya samu wani abu, a ci kaɗan, saura a jefa asusu. Da ya tasa ya bi mahaifiyarsa Akra, ya ƙara karatun allo, ya kuma ga yadda ake juya kuɗi.

To, ba a jima ba basasar Kano ta ɓarke a 1893. Aka ci garuruwa, fatauci ya tsaya, shi kansa aka kama shi, sai da fansa ya kuɓuta. Mu da ke Zurmi da Shinkafi da Ƙaura ba sai an fassara mana wannan ba. Mun san yadda rashin tsaro ke rufe hanyar kasuwa, ya cinye awakin da aka yi shekaru ana kiwo. Shi dai bai zauna kukan asara ba, ya koma fatauci. Maimakon dogon ayarin jakuna, sai ya shiga ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Akra zuwa Ikko, yana sarin duwatsun ado da yadi ya kawo Kano.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta yi daraja. A 1918 kamfanin Niger Company ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Abin da ya sa ya wuce sauran shi ne yana da tsabar kuɗi a ajiye, kuma yana da amintattun wakilai a ƙauyuka. Zuwa 1922 babu attajiri kamarsa a Kano. A 1929, shekarar da layin dogo ya iso nan Ƙaura Namoda har gyaɗar yankinmu ta samu hanyar zuwa teku, aka buɗe reshen banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Duk da haka an san shi da sauƙin kai da ƙin almubazzaranci, tare da ma'aikatansa yake cin abinci.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su haɗa kai, kada su wargaza kamfanin. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, aka binne shi a unguwar Sarari. Gidan ya ci gaba da ciniki har ya kai ga tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote.

Kun ga, abin da ya riƙe shi tun daga asusun Tata har wasiyyarsa guda ne: ba a cin uwar kuɗi. Duk ƙarshen shekara akan samu masu cewa a raba abin da ke asusun ƙungiya kowa ta kama nata, kuma ai mun san matsin da ke sa a faɗi haka. Amma in an raba, kason kowace zai tafi a cefane da anko, lokacin kaka kuma babu kuɗin sarin gyaɗa da araha, mai ƙuli-ƙuli da mai man gyaɗa su koma sayen kwano-kwano da tsada. Shawararmu a raba riba, a bar jari yana juyawa, a riƙa biyan rance a kan lokaci don wata ta samu. Yaranmu kuma, maza da mata, kowa a saya masa asusunsa.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya.