Santiago Ramón y Cajal: Likitan Da Ya Zana Taswirar Tantanin Ido

Likitocin da ke ƙoƙarin dasa sabon tantani a idon masu fama da dushewar gani suna aiki ne bisa taswirar da wani ɗan ƙasar Sifaniya ya zana da alƙalami fiye da shekaru 130 da suka wuce. Tantanin, wanda ake kira retina, shi ne shimfiɗar da ke can bayan ƙwayar ido, mai karɓar haske ta aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa.

An haifi Santiago Ramón y Cajal ranar 1 ga Mayu, 1852, a ƙauyen Petilla de Aragón. Ya taso yaro mai ƙiriniya, har an taɓa tsare shi yana ɗan shekara 11 saboda ya farfasa ƙofar maƙwabci da wata igwa da ya ƙera. Burinsa ya zama mai zane, mahaifinsa kuwa, wanda likita ne, bai ga abin yi a zane ba, ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalma. Daga baya uban ya sa shi zana ƙasusuwan mutane don nazarin surar jiki, a nan ne ra'ayinsu ya zo ɗaya.

Ya kammala karatun likita a Zaragoza a 1873, ya tafi Kyuba a matsayin likitan soja, ya dawo da zazzaɓin cizon sauro wanda ya kusa halaka shi. Da ɗan abin da ya tara ya sayi madubin ƙara girma na kansa.

A 1887 ne wani likita a Madrid, Luis Simarro, ya nuna masa dabarar rina jijiyoyi da sinadarin azurfa, wadda Camillo Golgi na Italiya ya ƙirƙiro. Rinin yakan kama ƙwayoyi ƙalilan su yi baƙi ƙirin, ya bar sauran. Cajal ya inganta dabarar, ya riƙa amfani da 'yan tayin tsuntsaye da jariran dabbobi, waɗanda jijiyoyinsu ba su gama rufuwa da kitse ba. A lokacin, akasarin masana sun ɗauka jijiyoyi a haɗe suke kamar komar kamun kifi. Shi kuwa abin da ya gani daban ne: kowace ƙwaya tana zaman kanta, tana taɓa maƙwabciyarta ba tare da sun narke da juna ba.

Tantanin ido ya fi komai taimaka masa, domin an san ta inda haske ke shiga, an san ta inda saƙo ke fita. Ya bi sawun saƙon daga ƙwayoyin karɓar haske, zuwa na tsakiya, zuwa waɗanda zarensu ke haɗuwa ya zama jijiyar gani, yana sa 'yan kibau a zanensa don nuna alkibla. Daga nan ya fitar da ƙa'idar cewa saƙo a ƙwayar jijiya hanya ɗaya yake bi. Duniyar kimiyya ba ta karanta Sifaniyanci a lokacin, don haka a 1889 ya ɗauki madubinsa ya tafi taron masana a Berlin, inda Albert von Kölliker ya duba da idonsa ya gamsu.

A 1906 aka ba shi kyautar Nobel tare da Golgi. Abin mamaki, Golgi ya yi amfani da jawabinsa wajen sukar ra'ayin abokin rabon nasa. Sai a shekarun 1950 madubi mai aiki da lantarki ya nuna ɗan gibin da ke tsakanin ƙwayoyin, ya gaskata Cajal.

Hukuncinsa mafi nauyi ga makafi yana cikin littafinsa na 1913 zuwa 1914 kan lalacewa da farfaɗowar jijiyoyi, inda ya nuna cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwar baligi ba sa sake tsiro da kansu, ya bar wa masana masu zuwa aikin sauya hakan. Sai dai ɗalibinsa Francisco Tello ya ga alamar cewa yankakkiyar jijiya tana iya tsirowa idan an dasa mata guntun jijiyar gaɓɓai. A 2014, a birnin Kobe na Japan, ayarin Masayo Takahashi ya dasa wa wata dattijuwa shimfiɗar ƙwayoyin da aka raina daga fatarta. Babbar matsalar irin wannan aiki har yau ita ce a sa ƙwayoyin karɓar haske da aka dasa su ƙulla da na mai idon, a daidai mahaɗar da Cajal ya zana.

Ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934, yana da shekara 82. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya takardunsa da zane-zanensa cikin kundin tarihin duniya.