Mohamed Amin: Mai ɗaukar hoton da ya nuna wa duniya yunwar Habasha

Manyanmu da suka kai shekara hamsin za su iya tuna hotunan yunwar Habasha ta 1984: yara ƙashi da fata, uwaye zaune a fili ba su da ko ƙarfin korar ƙuda. Amma kaɗan ne suka san mutumin da ke riƙe da kyamarar. Sunansa Mohamed Amin, Musulmi ɗan Kenya.

An haife shi a Nairobi ranar 29 ga Agusta 1943. Iyayensa 'yan asalin Punjab ne, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa. Aiki ya mayar da su Darussalam, kuma a can ne yaron ya kamu da son ɗaukar hoto tun yana makaranta. A 1963, yana ɗan shekara ashirin, ya buɗe kamfaninsa na Camerapix, wanda daga baya ya koma Nairobi.

Tun da wuri sana'ar ta nuna masa haƙoranta. A 1966 aka kama shi a Zanzibar, ya yi kusan wata guda a tsare yana shan azaba. Da ya fito bai ajiye kyamara ba. A 1969, da aka harbe ministan Kenya Tom Mboya a Nairobi, yana cikin na farko da suka isa wurin. Ya kuma ɗauki mulkin Idi Amin na Yuganda har zuwa faɗuwarsa. Ba yaƙi kaɗai ya sani ba, don ya fitar da littafin hotuna kan aikin Hajji.

To, babban aikinsa shi ne na Oktoba 1984. A lokacin fari ya cinye amfanin gona a arewacin Habasha, amma ba fari kaɗai ba ne. Gwamnatin soja ta Mengistu tana yaƙi da 'yan tawayen Tigray da Eritiriya, yaƙin ya tarwatsa manoma, ya toshe hanyoyin kasuwa da na agaji, kuma ba a barin 'yan jarida su shiga yankin yadda suke so. Amin ya yi ta naci har ya samu izini, ya isa sansanin Korem tare da Michael Buerk na BBC. Dubban mutane ne kwance a fili, kullum gari ya waye sai an kwashi gawa.

Ranar 23 ga Oktoba BBC ta nuna rahoton, sannan tashoshi sama da 400 suka ɗauka. Daga ranar babu shugaban da zai ce bai sani ba. Mawaƙi Bob Geldof ya gani, ya haɗa Band Aid, sai kuma taron Live Aid na 13 ga Yuli 1985 a Landan da Filadelfiya, inda aka tara miliyoyin daloli. Duniya ta riƙe muryar Buerk da sunan Geldof. Amin kuwa, da yake a bayan kyamara yake, bai samu irin wannan suna ba.

A Yuni 1991, bayan Mengistu ya gudu, wata ma'ajiyar makamai ta fashe a Adis Ababa yana cikin ɗauka. Abokin aikinsa mai naɗar sauti, John Mathai, ya mutu, shi kuma ya rasa hannunsa na hagu. Aka sa masa hannun roba, ya koma bakin aiki.

Ranar 23 ga Nuwamba 1996 ya hau jirgin Ethiopian Airlines daga Adis Ababa zai koma Nairobi. Jirgin zai wuce ne har Legas da Abijan. Mutum uku suka yi fashinsa, suka dage sai an kai su Ostireliya. Mai ya ƙare, jirgin ya faɗa teku a gaɓar tsibiran Komoros. Cikin mutum 175, 125 suka rasu, har da Amin, yana da shekara 53.

Yau kowa na da kyamara a aljihu, kuma hotunan Sudan da Gaza na wucewa ta wayoyinmu safe da yamma. Kafin mu zarce da yatsa, mu tuna akwai wanda ya sa ransa a haɗari ya tsaya a wurin don kada a ɓoye abin da ake yi wa bayin Allah.

Allah Ya jiƙan Mohamed Amin, Ya sa aikinsa ya zame masa sadaka mai gudana.