Dorugu: Yaron da Ya Ci Abinci a Teburin Turawa, Ya Ba da Labari da Hausa

 A shafin tarihi na wannan makon, na kawo muku labarin wani gwanin ba da labari mai suna Dorugu. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa a Kano ya ƙare rayuwarsa.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye kusa da Kance, a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana yaro, bai ma kai shekaruna ba, mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan har ya iso Kukawa ta Barno. A can ne wani Bajamushe matafiyi mai suna Adolf Overweg ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega.

Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suke kira Abdulkarim. Sun bi shi har Tambutu, suka dawo ta Sakkwato da Kano, suka ratsa hamada zuwa Tarabulus, suka hau jirgin ruwa. A watan Satumba na 1855 suka isa Landan. Lokacin Dorugu yana da kamar shekara goma sha shida.

Barth ya kai su Jamus, daga baya kuma suka zauna a Ingila wajen wani malamin mishan mai suna James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana ƙoƙarin koyon Hausa. Abbega ya komo gida a 1857, har ya zama sarki a Lokoja daga baya. Shi kuwa Dorugu ya ci gaba da zama can.

Ku duba irin zaman da ya yi. Ga sanyin hunturu da ƙanƙara, ga hayaƙin kwal ya rufe gari, ga jirgin ƙasa wanda a lokacin babu shi a ƙasar Hausa. Bayan tafiyar Abbega kuma, da wuya ya sami wanda za su yi hira da Hausa yadda ransa yake so. Aikinsa shi ne ya zauna yana magana, Schön yana rubutawa. Ya ba shi tatsuniyoyi, ya ba shi labarin rayuwarsa tun daga ƙauyensu, ya kuma bayyana abubuwan da ya gani a Turai.

Cikin abin da ya bayyana har da yadda Turawa suke liyafar cin abinci, kuma nan ne ya fi burge ni. Mu nan mun saba a shimfiɗa tabarma, a kawo tuwo a kwano ɗaya, a wanke hannu, a yi bisimilla, maza daban, mata daban. A gidajen masu hali na Ingila a wancan zamani ba haka abin yake ba. Maza da mata suna zama a teburi ɗaya wanda aka lulluɓe da farin ƙyalle. Kowa da kujerarsa, kowa da farantinsa, ga wuƙa, ga cokali, ga cokali mai yatsu. Ba a kawo abincin gaba ɗaya. Sai a fara da romo, a kwashe faranti, a kawo kifi, a kwashe, a kawo nama da dankalin Turawa irin wanda manomanmu suke nomawa a nan Doguwa, sannan a rufe da kayan zaƙi. Idan an gama, mata su tashi su bar maza suna hira.

Yaron da aka taɓa sayarwa kamar akuya, ga shi yana kallon duk wannan. Ya zuba ido, ya riƙe komai a ka, ya mayar da shi labari da harshen uwarsa. Barth ya zo ƙasarmu ya rubuta yadda muke ci da sha domin Turawa su karanta. Dorugu kuma ya je tasu ƙasar ya yi musu irin wannan kallon.

Da taimakonsa Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa ne labarin Dorugu yake. Suna cikin littattafan farko da aka buga da Hausar boko. Amma sunan Schön ne a bangonsu, shi ya sa aka fi tuna Baturen fiye da mai maganar.

Dorugu ya dawo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta wa Turawa matafiya. Da ya tsufa, ya koyar a makarantar boko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa cikin Kano a 1909. Ya rasu a 1912. Gidan Ɗan Hausa yana nan har yau, duk wanda ya shiga birni zai iya zuwa ya gani.

Kirana ga 'yan ƙungiyarmu ta 'yan jarida shi ne, kada mu raina abin da muke gani kullum. Da Dorugu ya ce cin abinci ba labari ba ne, da ba mu san yadda Bahaushe ya ga Landan a wancan zamani ba. Wanda ya je kasuwa ko biki ko hutu a wani gari, ya rubuto mana abin da ya gani, ya kuma sa sunansa a ƙasa.

Daga wakilin shafin tarihi, aji biyu na ƙaramar sakandare.