KIFRIYANUS NA KARTAJ, WANDA AKA ƘWACE WA DUKIYA

Fatake na dā sun san hanyar da ta tashi daga Kano, ta ratsa hamada, ta bi ta Murzuk da Sabha cikin ƙasar Fazzan, har Tarabulus a bakin bahar. Yamma da Tarabulus, kusa da Tunis, akwai kufan wani babban birni, Kartaj. Can ne Kifriyanus ya zauna. Mutumin Afirka ne, mai arziki, malamin koyar da iya magana.

Wajen shekara ta 246 ya ba da gaskiya ga Yesu, aka yi masa baftisma. Sai ya sayar da lambunansa, ya raba wa matalauta kuɗin. Ba a daɗe ba aka naɗa shi shugaban ikkilisiyar birnin.

A shekara ta 250 Dekiyus, Sarkin Rum, ya kafa doka kowa ya yi hadaya ga gumaka, ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa suka ji tsoron rasa gida da gona, suka yi hadayar. Mutanen gari suka yi ta ihu a jefa Kifriyanus ga zaki. Ya ɓuya, hukuma kuwa ta yi shelar ƙwace abin da ya rage masa. Daga maɓoyarsa ya riƙa aika da wasiƙu, yana ƙarfafa waɗanda ke kurkuku, yana umurni a kula da gwauraye da marasa lafiya.

Wajen 252 annoba ta faɗa wa Kartaj. Masu bautar gumaka suka ɗora wa Kirista laifi. Kifriyanus ya tara masu bi, ya gargaɗe su su yi jinyar kowa, har da waɗanda suka tsananta musu.

A 257, zamanin Sarki Baleriyan, aka kore shi zuwa Kurubis. Ran 14 ga Satumba 258 aka fille masa kai. Kafin haka ya sa a ba hauni zinariya 25.

Ɗan'uwa, ko an hana ka gadon ubanka saboda sunan Yesu? Ko an karɓe gonarka, dangi sun daina cin abinci tare da kai? Karanta Ibraniyawa sura 10, ka tuna da Kifriyanus. Kada ka rama. Ran da ciwo ya kama wanda ya cuce ka, ka je ka gaishe shi.