Kenzo Tange: Mutumin Japan da ya zana tsakiyar Abuja

Duk wanda ya taso daga Legas, Ibadan ko Fatakwal ya shiga tsakiyar Abuja, zai ga tituna masu faɗi a miƙe samɓal, ga Dutsen Aso can gaba kamar shi aka nufa. To ba haka kawai abin ya zo ba, zanen wani mutumin Japan ne, Kenzo Tange.

An haife shi a 1913. Ya yi karatu a Hiroshima, sannan ya koyi zanen gine-gine a Jami'ar Tokyo. Amurka ta jefa wa Hiroshima bam ɗin nukiliya a 1945, kuma a 1949 shi ya ci gasar zana dandalin tunawa da waɗanda suka mutu. Nan salonsa ya fito: ya jera gidan tarihi da wurin tunawa da mamata da kangon da bam ya bari, duk a layi ɗaya.

A 1976 Janar Murtala Muhammed ya kafa dokar gina sabon babban birni. Kamfanin International Planning Associates na Amurka ya miƙa tsarin birnin a 1979, aka ba Tange zanen tsakiyarsa. Irin wancan layin ya sake ja, ya nufi Dutsen Aso. Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa suna gindin dutsen, Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa kuma suna gefe da gefen layin. Gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba, 1991.

Tange ya samu kyautar Pritzker a 1987, ya mutu a Tokyo a 2005 yana da shekara 91.

Zane kam ya yi kyau, sai dai gari ba ofis ne kaɗai ba. Masu shara da direbobi da ƙananan ma'aikata su ke kwana Nyanya, Kubwa da Mararraba, kullum cikin cunkoso. Kara tana can Dei-Dei, bayan gari. Gwarawa da yawa kuwa an tashe su daga ƙauyukansu.

Wannan ya shafe mu mazauna Sabo da zango. Wanda ba ya cikin takardar tsari, shi ake fara tasa ranar rusau. Don haka in aka ce za a sake fasalin unguwa ko kasuwa, sarakunan Hausawa da shugabannin kara su nemi ganin zanen tun yana kan tebur, su tabbatar akwai wurinmu a ciki.