Malam Abdullahi ɗan Fodiyo: Malamin da gajiya ta kawo shi birnin Kano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwa masu karatu, a wannan mako za mu waiwayi rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Mafi yawanmu da abu biyu muka san shi: alƙalamin da ya rubuta tafsiri, da takobin da ya jagoranci runduna. Abin da ba mu cika ambata a kan mumbari ba shi ne, akwai lokacin da wannan bawan Allah ya gaji, gajiyar da ta sa ya bar runduna, ya bar gida da dangi, ya fuskanci gabas. A nan cikin ganuwar Kano ya sauke wannan nauyi, daga nan kuma ya koma da sabon ƙarfi. Wannan ɓangare muke so mu tsaya a kansa, domin a unguwanninmu a yau akwai mutanen da gajiya ta kwantar, muna kiransu ragwaye.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1180 bayan hijira, wato wajajen 1766, a gidan ilimi na Fulani Toronkawa a ƙasar Gobir. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa'u. Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. A wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun yayansa. Daga nan ya ɗebi ilimi a wurin kawunnansa da baffanninsa da sauran malaman zamanin, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu. Daga baya ya tattara sunayen malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu a cikin littafinsa Ida'un Nusukh.

Ya yi fice a nahawu da sarfu da lugga da fiƙihu da tafsiri, ga shi kuma gwanin waƙar Larabci. Tun yana matashi yake bin Shehu yawon wa'azi a Kabi da Zamfara da Gobir, kusan shekara 20 kafin a zare takobi. Abin lura a nan, malami ne tun fil'azal. Zaure da allo da tawada su ne gidansa. Fagen fama kuwa lalura ce ta kai shi.

Shekarun da suka ci ƙarfinsa

Da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, sai aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, Malam Abdullahi ne kuma ya fara miƙa hannu. Shi ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda Allah Ya ba su nasara a kan mayaƙan Gobir.

Sai dai abin da ya biyo baya ba mai sauƙi ba ne. Jama'a ba ta da mazauni tabbatacce, ga ƙarancin abinci, ga mata da yara ana ta ƙaura da su. Shi kansa Malam ya samu raunin kibiya a yaƙin Gobir. A ƙarshen 1804 aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda jama'a ta yi asarar kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A 1805 ya jagoranci cin Birnin Kabi, aka koma Gwandu, amma kafin shekarar ta ƙare aka sake yin mummunar asara a Alwasa.

Mu ɗan yi tunani. Waɗanda suka kwanta dama a waɗannan wurare su ne abokan karatunsa, waɗanda suka yi shekaru suna zama a tabarma ɗaya, suka san dalilin da ya sa aka fito. Da suka ƙare, sai sahu ya cika da waɗanda idonsu ke kan ganima da sarauta da dawaki. Mutum ya binne abokansa, ya waiga kuma ya ga abin da suka mutu dominsa yana neman sauya kama. Jiki ya jigata da tafiya da yunwa da rauni, zuciya kuma ta ɗauki abin da ya fi haka nauyi.

Ranar da ya bar runduna

A shekara ta huɗu bayan hijirar Gudu, wajajen 1807, runduna ta kama hanyar Alƙalawa, babban birnin Gobir. A wannan tafiya ce Malam Abdullahi ya janye jiki. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙat, bai ɓoye ba, bai kuma yi wa abin kwaskwarima ba. Ya bayyana cewa ganin yadda zamani ya sauya, da yadda 'yan uwa suka karkata ga duniya suna rububin dukiya da matsayi, ya sa ya ji ba zai iya ci gaba da zama a cikinsu ba. Ya ƙudurta nufar ƙasa mai tsarki, wurin fiyayyen halitta.

Shi da abokansa 5 suka kutsa daji. Kwana 3 suka yi ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Wazirin jihadi ke nan, gwarzon Tafkin Kwatto, yana ratsa ƙungurmin daji babu tuta babu tambari. Da kaɗan-kaɗan suka fito cikin mutane, hanya ta bi da su har birnin Kano.

Ba shi ne malami na farko da irin wannan ta sama ba. A shekara ta 488 bayan hijira, wato 1095, Imam Gazali yana kan ganiyar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, damuwa ta kama shi kusan wata 6, har harshensa ya kasa ba da darasi, cikinsa ya ƙi karɓar abinci, likitoci suka ce tushen ciwon a zuciya yake. Ya bar Bagadaza ya nufi Sham, kuma a shekarun keɓewarsa ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din. Manyan mutane ma suna kaiwa maƙura. Bambancinsu da mu shi ne ba sa ƙaryata halin da suke ciki.

Zamansa a cikin ganuwa

Kanon da Malam Abdullahi ya tarar gari ne da bai daɗe da fita daga yaƙi ba. Mulkin Sarki Alwali ya zo ƙarshe, an naɗa Malam Sulaimanu, ga kuma manyan jagororin jihadi irin su Malam Jibir da Malam Bakatsine da Dabon Dambazau, kowa da jama'arsa. An ci gari, amma yadda za a riƙe shi bisa shari'a ya rikice. Wannan birni na Dala ya taɓa ganin irin wannan rana, domin a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya sauka a nan ya rubuta wa sarki nasiha kan sha'anin mulki.

Mutanen Kano suka hana baƙon nasu wucewa, suka roƙe shi ya zauna ya koya masu yadda ake tsayar da addini. Bai yi masu daɗin baki ba. Ya gaya masu cewa abin da yake gani a wurinsu shi ne ainihin abin da ya gudo ya bari a gida. Duk da haka suka nace, shi kuma ya zauna. Ya rubuta masu Liya'ul Hukkam, littafin da ya yi bayani kan hijira da shugabanci da naɗin masu riƙe amana da hukunce-hukuncen shari'a. Ya kuma karanta masu tafsirin Alƙur'ani. Mutane suka saurara, suka yi nadama, suka gyara. Aka farfasa kayan wasa, har aka mayar da ganguna kwamin da ake zuba wa dawaki abinci.

Idan muka duba da kyau, za mu ga abubuwan da suka haɗu suka yi masa magani. Ya nisanci wurin da ke cin zuciyarsa. Ya sauke kayan da ya fi ƙarfinsa, wato jagorancin yaƙi. Ya koma ga aikin da ransa ya saba da shi, wato karantarwa da rubutu. Sannan ya samu mutanen da suka riƙe shi da daraja, ba su tuhume shi da gudun fagen fama ba, suka nuna masa cewa maganarsa tana da amfani har yanzu. Wanda ya fito yana ganin nasiha ta daina shiga kunne, sai ga gari guda ya karɓe ta. Bai ƙarasa Makka ba. Daga Kano ya juya ya koma wurin Shehu.

Abin da ya biyo bayan komawarsa

Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, manyan littattafan da muke tinƙaho da su a yau bayan zaman Kano suka zo. Ya rubuta Tazyinul Waraƙat a 1813. Ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, wajajen 1816, wanda aka buga a Alƙahira cikin mujalladi 4, daga baya kuma ya taƙaita shi a Kifayatu Lu'afa'is Sudan domin masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Yana da Bahrul Muhiɗ a nahawu, da Hisnur Rasin a sarfu, da Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki.

Jarrabawa ba ta ƙare ba. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, Malam Abdullahi ya taso, ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Ya koma Gwandu da abin a ransa. Amma wannan karon bai shiga daji ba, bai kuma ja runduna a kan ɗan yayansa ba. Bayan 'yan shekaru, da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya kawo masa ɗauki, suka haɗu, baffa ya yi wa ɗa mubaya'a, zumunci ya koma. A ƙarshen rayuwarsa ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Buhari, ya duƙufa ga karantarwa. Ya riga ya san iyakar abin da zai iya ɗauka. Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1245 bayan hijira, wato 1829, kuma a can kabarinsa yake.

Darasi gare mu

Gajiyar Malam Abdullahi ta zuciya ce, wadda wahalar jiki ta ƙara wa nauyi. Akwai kuma wata gajiyar da likitoci suka sani a matsayin ciwo mai zaman kanta, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa tun 1969. Takan wuce wata 6, barci ba ya kawar da ita, ɗan aiki kaɗan kamar zuwa Kurmi a dawo yakan kwantar da mutum kwana ɗaya ko fiye. Sau da yawa takan biyo bayan zazzaɓi ko wata cuta mai yaɗuwa, an kuma ga ƙaruwarta bayan annobar korona. Likita yakan fara bincikar ƙarancin jini da ciwon suga da tarin fuka da ciwon damuwa, domin su ma suna kawo kasala. Babban abin da ke taimakon mai wannan lalura shi ne ya san gwargwadon ƙarfinsa, ya tsaya kafin ya ƙure shi. Matsa masa ya yi ta maza yakan mayar da shi baya. Wasu suna samun sauƙi a hankali, wasu kuma sukan daɗe da ita.

Mu da muke limanci, irin waɗannan mutane suna zuwa zaurukanmu. Matar aure da dangin miji ke cewa son jiki ne. Ɗalibi da ya kasa tashi karatun asuba, ana cewa shaiɗan ne. Magidanci da ya rufe rumfarsa, ana raɗe-raɗin sammu. Sau da yawa mukan sallame su da kalmar haƙuri kawai, alhali shari'ar da muke karantarwa ta ba marar lafiya damar yin salla a zaune ko a kwance, ta ba shi damar ajiye azumi, kuma Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya gaskata Salmanul Farisi a lokacin da ya hana Abud Darda'i takura wa jikinsa da ibada.

Don haka idan ɗan uwa ya ce ya gaji, mu fara da gaskata shi. Mu raka shi asibiti, mu haɗa da addu'a. Mu rage masa kaya, mu bar masa ɗan aikin da yake iyawa domin kada ya ga kansa ba shi da amfani, kada kuma mu ƙayyade masa ranar warkewa. Kakanninmu a wannan birni sun ga baƙo ya fito daga daji a gajiye, suka riƙe shi har ya dawo hayyacinsa, kuma har yau almajirai a cikin ganuwa suna buɗe littattafan da ya rubuta bayan wannan zama.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka wa magabatanmu da alheri. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Allah Ya ba su sauƙi, Ya ba masu jinyarsu juriya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.